Tsakanin Marka Da Hunturu: Da Me Za A Sake Daɓen Tirela?

Kowace shekara, da zarar damina ta fara ja da baya, gero ya nuna, masara ta bushe a kan kara, sai a tuna da tirela. Ba doguwar tirelar nan da ke safara tsakanin Legas da Kano nake nufi ba. Ina magana ne a kan ƙaramar nan mai ƙafa biyu ko huɗu da tarakta ke ja, ko wadda ake ƙulla wa a-kori-kura a baya, da kuma 'yar'uwarsu amalanken shanu. Tun da aka gama kai taki gona a watan Yuni aka jingine ta ƙarƙashin darbejiya, ruwan marka ya yi ta sauka a kanta, ganye ya taru a kusurwoyinta ya zama laka. Ranar da aka janyo ta don ɗauko amfani, a ranar ake gane cewa daɓenta ya tashi aiki. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma a harkar tirela kusan kullum ranar tafiyar ake fafewa.

Wani zai ga kamar wannan magana ta yi wa shafin ra'ayi ƙanƙanta. Ni ban ɗauke ta haka ba. Duk wanda ya san karkara ya san cewa ba buhu kaɗai ke hawa tirela ba. A kanta 'yan ƙwadago ke komawa gida da yamma, a kanta mata da yara ke zuwa kasuwar ƙauye, a kanta ake ɗora sa da rago. Idan allo ɗaya ya ɓurma ƙarƙashin buhun masara, asarar ba ta wuce 'yan mudu ba. Idan ya ɓurma ƙarƙashin ƙafar bijimi, sai dai a kira mahauci ya saya a yadda ya ga dama. Idan kuwa ƙafar yaro ce, kuma tarakta na tafiya, Allah Ya kiyaye. Sannan sau da yawa tirelar ta ƙungiyar manoma ce, kuɗin gyaranta karo-karo ne, kuma zaɓin da aka yi yau da shi za a zauna shekaru.

Tambayar da ɗalibaina da manoma suka fi yi mini ita ce: katako ko ƙarfe, wanne ya fi jure wa ruwa da rana? Kafin in amsa, nakan ce a fara sanin abin da ke kashe daɓe, domin yawancin mutane suna ɗora laifin a kan ruwan sama, alhali ruwan da ya sauka ya gangara bai cika yin ɓarna ba. Mai ɓarnar shi ne ruwan da ya samu wurin kwanciya. Funfuna da danginta masu ruɓar da katako ba sa iya aiki sai laimar da ke cikin katakon ta haura kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyinsa, ta kuma daɗe a haka. Tsatsa ma haka take, sai da ruwa da iska tare. Saboda haka idan ka kife tsohuwar tirela ka duba, za ka tarar ruɓar ba a tsakiyar allo ta fara ba, inda rana ke duka. Ta fara ne a bakin allo da aka cusa cikin ƙarfen gefe, da kewayen ramin ƙusa, da daidai inda katako ya kwanta a kan ƙarafunan gicciye, waɗanda zan riƙa kira haƙarƙarin tirela. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abu na biyu shi ne yanayinmu ba ɗaya ba ne, biyu ne masu gaba da juna. A tsakiyar hunturu laimar iska a Kano ko Katsina takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, a watan Agusta kuwa takan haura 70. Katako ba ya mutuwa gaba ɗaya, yana shan laima daga iska yana kuma amayar da ita. A busasshiyar iskar Janairu laimar cikinsa takan koma wajen kashi 5, a marka ta hau wajen 15 ko da ruwa bai taɓa shi ba. Wannan bambanci na kashi 10 yana sa allo mai faɗin santimita 20 ya kumbura ko ya tsuke da kimanin milimita 4 zuwa 6, gwargwadon irin iccen da yadda aka tsaga shi. A jera alluna goma, an samu motsin santimita 4 zuwa 6 a faɗin tirela. Kafintan da ya jera busassun alluna a matse cikin hunturu, a watan Agusta za su ture juna su yi doro. Wanda ya jera ɗanyun alluna cikin damina ya kuma bar tsakani, a watan Janairu sai ka zura hannu ta tsakanin. Duka biyun za a ce katakon ne ba shi da kyau, alhali ba a duba wata ba ne kafin a buga ƙusa.

Wannan ne ya sa nake jan kunnen matasanmu masu ɗauko shawara daga intanet. A Amurka amsar da aka fi bayarwa ita ce katakon fain da aka ɗura wa magani da ƙarfin matsi a cikin tukunyar masana'anta, har maganin ya ratsa cikinsa. Shawara ce mai kyau a can. Amma ko a can tana da tarko. Daga ƙarshen shekarar 2003 aka daina amfani da tsohon maganin nan mai sinadarin asenik a katakon aikin gida, aka koma wa magungunan da tagulla ta yi yawa a cikinsu, irin su ACQ. Sai aka ga wannan tagulla tana cin ƙusar baƙin ƙarfe da alminiyam da sauri in da danshi, dole aka koma ƙusa mai kaurin rufin tutiya ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Manyan tirelolinsu kuwa sukan yi amfani da katakon apitong da ake kawowa daga kudu maso gabashin Asiya. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da za ka shiga 'Yan Katako a Na'ibawa ka ɗauko cikin sauƙi. Abin da ake kira katako mai magani a yawancin kasuwanninmu shafe ne da buroshi, kuma shafe bai cika ratsa fiye da milimita ɗaya ko biyu ba. Da zarar an yanka allon ko an huda shi, an buɗe wa ruwa da gara ƙofa.

Mu zo ga ƙarfe, wanda shi ne zuciyar yawancin masu tirela ke karkata gare shi, saboda mai walda na kusa, kuma ƙarfe yana da kwarjini. Akwai lissafin da nake so mai karatu ya riƙe. Mita ɗaya mai kusurwa huɗu na fallen ƙarfe mai kaurin milimita 3 tana da nauyin kilo 23 da rabi. Allon loko, wato iroko, mai kaurin inci ɗaya da rabi, a wannan faɗin nauyinsa wajen kilo 25 ne. Kusan kunnen doki ke nan: tirela mai tsawon mita 4 da faɗin mita 2 za ta ɗauki daɓe mai kimanin kilo 190 na ƙarfe ko 200 na katako. Amma juriyar lanƙwasa tana tafiya ne da kauri sau kauri sau kauri. Duk da cewa ƙarfe ya fi katako tauri kusan ninki ashirin, wannan allon lokon ya fi wancan fallen ƙarfen ƙin lanƙwasa wajen ninki ɗari a tsakanin haƙarƙari biyu. Shi ya sa in aka cire katako aka shimfiɗa ƙarfe a kan haƙarƙarin da aka yi domin katako, ba a ƙara wasu a tsakani ba, kafin shekara ta zagayo daɓen ya lotsa ya zama kwanuka-kwanuka, kowane kwano kuma tafki ne a damina.

Wannan lissafin ne kuma ke tona asirin arahar da ake nema a Ƙofar Ruwa ko Panteka. Mutum ya ga milimita 3 ta yi tsada, ya ce a ba shi ta 2, a ransa kashi ɗaya cikin uku kawai ya rage. A nauyi haka ne. A juriyar lanƙwasa kuwa abin da ya rage masa bai kai kashi ɗaya cikin uku na ainihin ba. Ƙari a kan haka, ba kowane falle da aka kira milimita 3 ba ne ya cika ukun. Wanda zai sayi ƙarfe ya ari ma'aunin kauri irin na makanikai ya tafi da shi, ba rashin yarda ba ne, ciniki ne.

Sai kuma abin da za a ɗauka. Ƙarfe ba shi da maƙiyi kamar taki. Yuriya tana janyo laima daga iska ta narke, takin NPK yawanci yana ɗauke da gishirin kuloraid, kashin kaji da fitsarin shanu kuwa ba a magana. Buhu ɗaya ya yage, garin ya shige kusurwa, raɓa ta sauka a kai, an kafa wa tsatsa gida. Fenti yana taimakawa, amma shebur na farko da ya karce shi ya gama da shi. Ga zafi: baƙin falle a ranar Afrilu, lokacin da iska kanta ta kai digiri 40, yana ƙona tafin ƙafa, balle tumatir ko ɗan akuya. Ga santsi in ya jiƙe da kashin dabba, ko da mai zanen ƙuraje ne. Duk da haka ban ce ƙarfe ba shi da wurinsa ba. Tirelar da aikinta yashi ne da tsakuwa da burji da bulo, musamman mai juyewa, ƙarfe ne daidai da ita, domin kayan na zamewa a kansa, ba tsakanin da za su zube, kuma dutse ba ya tsaga shi. A ba shi milimita 3 ko 4, a ƙara haƙarƙari, a huda ramukan tsiyayar ruwa a kusurwoyi, a fente ƙasansa kafin a ɗora shi, domin bayan an ɗora ba mai sake shiga ƙarƙashi da buroshi.

Alminiyam ba zan daɗe a kansa ba. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, ba ya jan tsatsa, amma taurinsa ma kashi ɗaya cikin uku ne, sai an ƙara kauri. In aka kwantar da shi kai tsaye a kan baƙin ƙarfe, danshi ya shiga tsakani, shi ne zai riƙa cinyewa. Mai waldar bakin titi ba shi da injin haɗa shi. Tsadarsa kuwa abin takaici ce ga ƙasar da ta gina masana'antar narka alminiyam a Ikot Abasi, ta fara aiki a 1997, ta shafe mafi yawan rayuwarta a rufe. Kuma wanda ya ajiye tirelar alminiyam a bakin gona ya yi wa ɓarayin ƙarfe tanadi. Filawud na kasuwa, irin na silin da kabad, damina ɗaya ke ɗaye shi falle-falle. A Turai ƙananan tireloli da filawud ake daɓe su, gaskiya ne, amma wani iri ne na musamman mai gam ɗin da ruwa ba ya narkarwa da baƙar fata mai kaushi a sama, kuma shi ma ta gefen da aka yanka yake mutuwa in ba a toshe ba. Allunan roba da garin katako da aka fara kawowa domin barandar gidaje ba don ɗaukar kaya aka yi su ba, zafi na sa su yi laushi su lotsa.

Ra'ayina, ga tirelar gona mai ɗaukar buhu da dami da dabba da mutane, shi ne katako mai tauri. Sai dai kalmar katako tana ɓoye abubuwa da yawa. Obece da afara, fararen nan marasa nauyi da suka cika kasuwa, na rufi ne da akwatin zuba kankare, gara da ruɓa ba sa jin kunyarsu. Loko, da opepe, da kawo wanda mutanen kudu ke kira apa, da tik, su ne ke jimrewa. Eki ya fi su duka tauri, da shi ake shimfiɗar layin dogo, har nutsewa yake yi a ruwa, amma nauyinsa zai cinye wani kaso na kayan da tirelar za ta ɗauka, huda shi kuma sai da haƙuri. Ko a cikin iri mai kyau, zuciyar iccen ce mai juriya. Farin gefen da ke kusa da ɓawo, ko na loko ne ko na tik, abincin ƙwari ne. Allon da ka ga gefensa ɗaya ya yi fari, kada sunan iccen ya ruɗe ka, ajiye shi. Wannan ya fi muhimmanci ga tik ɗin da ake shukawa, irin na gandun Nimbia a kudancin Kaduna, domin in aka sare shi da ƙuruciya farin yakan yi yawa.

A nan dole in ɗan ratse. Iyayenmu sun san itatuwan da gara ke tsoro tun kafin a buɗe sashen nazarin gandun daji a kowace jami'a. Kirya suke sassaƙa turmi da ita, azarar giginya suke ɗorawa a rufin soro ta shekara aru-aru. Amma ba zan ba kowa shawarar ya je ya kayar da kirya ko madobiya don daɓen tirela ba. Mun ga abin da ya faru da madobiya lokacin da kasuwar Sin ta buɗe mata baki, dazuzzukan Taraba da Kogi suka yi ta zubewa cikin kwantena, har yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin jerin itatuwan da ake sa wa cinikinsu ido daga farkon 2017. A taron 2022 a Panama aka ƙara da kawo da maɗaci na Afirka. Dokar ta shafi cinikin ƙetare ne, ba ta hana kafintan Kano sayen allo ba, amma ta ishe mu ishara. Shi ya sa na fi karkata ga tik na shuka, kuma shi ya sa nake ganin barin allon loko ya ruɓe a shekara uku saboda sakaci almubazzaranci ne, icce ne da ya yi gomman shekaru kafin ya kai a tsaga shi.

Yadda aka ɗora allon ya kai zaɓen iccen muhimmanci. Yawancin katakon da ke zuwa mana daga dazuzzukan kudu yake, inda iska ke da laima duk shekara, sau da yawa kuma da ruwansa yake isowa. A saye shi da wuri, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, kada a shanya shi a rana ya tsattsage. Wanda ba shi da na'urar auna laima ya ɗauki allo ɗaya ya riƙa ɗora shi a sikeli duk mako, ranar da nauyin ya daina raguwa ya bushe daidai da iskar wurin. In cikin hunturu za a jera, a bar tsakanin da ya kai kaurin fensir. In cikin damina ne, kaurin ƙusa ya isa, hunturu zai buɗe sauran. Kafin a ɗora, a kankare tsatsar haƙarƙarin, a ƙwanƙwasa kowanne da guduma a ji amonsa, wanda ya cinye a canza shi, sauran a shafa musu fentin kwalta. Sabon daɓe a kan ruɓaɓɓen haƙarƙari ya fi tsohon haɗari, domin kowa zai amince da shi ya loda masa kaya. A jiƙa bakin kowane allo da maganin katako irin su Solignum har ya ƙoshi, saboda ta baki katako ya fi shan ruwa nesa ba kusa ba. Kada a buga ƙusa. A huda, a sa bolti mai zagayayyen kai da rufin tutiya, biyu a kowace mahaɗa, ramin ya ɗan fi boltin faɗi don allon ya samu wurin motsi. Bayan hunturun farko a bi su da sifana, za a tarar duk sun saki.

Akwai al'adu biyu da nake so a bari. Ta farko ita ce shimfiɗa fallen kwano ko na ƙarfe a kan tsohon katako don a rufe ɓaraka. Wannan haɗi ya tara aibin kowanne: ruwa ya shiga tsakani ba ya fita, katakon na ruɓa a ɓoye, ƙarfen na tsatsa daga ƙasa, ido kuma ba ya ganin ko ɗaya. Wanda ke son ɗaukar yashi jefi-jefi da tirelar katako ya shimfiɗa tamfol ko fallen da zai ɗauke in ya gama. Ta biyu ita ce malala baƙin man inji a kan daɓe. Na san dalilin, kyauta ne, kuma yana korar ruwa na ɗan lokaci. Amma man da ya gama aiki a inji ɗauke yake da burbushin ƙarafa da sinadaran ƙuna masu illa ga lafiya, kuma a ranar zafi yakan tsattsafo ya shiga buhun gyaɗa da na masara, waɗanda daga nan sai Dawanau, daga can sai tukunyar wani. Yana kuma sa santsi. In har dole sai an shafa, a tsaya a ƙasan allo, a tirelar da ba ta ɗaukar abinci.

Saura wurin ajiya, wanda ba ya cin ko kwabo. Inuwar darbejiya tana da daɗi ga mutum, amma ga tirela ita ce mafi munin masauki, domin ganye na zuba, rana ba ta busar da daɓen bayan ruwa, gara kuma na nan a gindin bishiyar tana jira, ta taya ko ta sandar da aka tokare tirelar za ta gina hanyarta ta hau. Rumfar kwano mai buɗaɗɗen gefe ta fi. In babu, a fili ma ya fi, a kan dandaryar ƙasa da aka share, a ɗaga gaban da bulo biyu yadda ruwa zai gangara ta baya, a buɗe ƙofar bayan, a kuma share kusurwoyin duk ranar da aka sauke taki.